Shin Ya Dace Zazzau Ta Kira Baƙi Su Zo Kallon Kayan Tarihinta?

Tun lokacin da 'yan kasuwarmu na Sabon Gari suka san hanyar Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, suna zuwa sarin tufafi da takalma, sai ya zamana suna komowa da labarai tare da kayansu. Kuma a cikin labaran nan babu wanda ya fi tayar da gardama a majalisun hira na Palladan da Samaru kamar labarin wani gari na bakin teku da ake kira Pataya, wanda ke tafiyar kamar sa'a biyu a mota daga Bankok. Sun ce babbar sana'ar garin nan ita ce karɓar baƙo, a nuna masa abin kallo, ya biya ya tafi, wani ya zo. Akwai wani gagarumin gini na katako, an sassaƙe shi tun daga tushe har ƙololuwa, wanda aka fara a 1981 kuma har yanzu masassaƙa ba su ajiye gizago ba. Akwai wani lambu mai suna Nong Nuc da aka buɗe wa jama'a a 1980, ana shiga da tikiti domin kallon furanni da giwaye. Akwai fuskar wani dutse da aka zana wa siffar Buda da ruwan zinariya a 1996, tsawonta ya haura mita 100. Ga kuma tsibirin Ko Lan, inda jiragen ruwa ke ta jigilar masu zuwa wanka tun safe har faɗuwar rana.

To, da jin haka sai mutane suka rabu gida biyu. Jama'a ta farko suka ce, in dai mutanen da suka ƙago abin kallonsu jiya jiya suna cin abinci da shi, mene ne ya hana Zazzau, wadda ta gaji nata tun ɗaruruwan shekaru, ta gyara shi ta kira duniya? Jama'a ta biyu suka ce a'uzubillahi, wanda ya san abin da ke biyo bayan irin wannan kira ba zai so shi ga garin malamai ba. Na saurari kowane ɓangare, na kuwa ga kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, yana kuma kau da kai daga wani yankin. Saboda haka na ga ya kyautu a baje hujjojin a faifai, a auna su da natsuwa.

Hujjar masu son a buɗe ƙofa ta fi ƙarfi a wurin lissafin abin da muke da shi, domin lalle duk wanda ya hau bas daga Samaru, ya ratsa Palladan da Kwangila da PZ, ya bi ta Tudun Wada har ya shiga Ƙofar Doka, ya keta tarihin da ya kai shekara ɗari biyar a cikin tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, ko da bai sani ba. A Samaru ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da cibiyar binciken aikin gona wadda ta girme ta da shekaru masu yawa. A nan Palladan ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, wadda ƙananan jiragenta ke shawagi a kan rufin gidajenmu har yaran unguwa sun daina ɗaga kai. Sabon Gari kuwa ɗan titin jirgin ƙasa ne, wanda ya iso Zariya a 1911, ya kawo kamfanonin Turawa da baƙi daga kudu. A gaba kaɗan ga gidan Gaskiya, inda Abubakar Imam ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, da Kwalejin Barewa wadda ta yaye shugabannin ƙasar nan da dama. A Wusasa ga cocin da magina Hausawa suka gina da ƙasa a 1929, bisa tsarin ginin gargajiya. A yamma ga dutsen Kufena yana kallon gari, da ragowar tsohuwar ganuwa a gindinsa. A kudu, ta wajen hanyar Kaduna, ga kufan Turunku, wanda ruwayoyi suka danganta da Bakwa da 'yarta Sarauniya Amina. Sa'an nan ga birni kansa, da ganuwarsa da ƙofofinsa, Kuyambana da Gayan da Kona da Tukur-Tukur da Kibo da sauransu, da fadar Sarki, da unguwannin malamai da na maɗinka masu aikin allura. Masu wannan ra'ayi sukan tunatar da cewa tun a 1826 Bature Kilafatan ya ratso birnin nan ya rubuta abin da ya gani, wato dai Zariya ta daɗe tana cika idon baƙo.

Hujjarsu ta biyu ita ce wadda ta fi kama ni, domin ta taɓa wurin da ke ciwo. Suka ce abin da ba ya kawo ko anini, ba a ware masa ko anini. Kuma ginin ƙasa, saɓanin ginin dutse, ba ya jure a manta da shi, sai an bi shi da yaɓe kowace shekara kafin damina. A da, gyaran ganuwa aikin gayya ne da Sarki ke kira, kowace unguwa da kowane gari da rabonsa, saboda ganuwa ita ce tsaron rai da dukiya. Da yaƙi ya ƙare amfaninta na fili ya ƙare, gayya ta mutu, aka bar ta ga ruwan sama da awaki da masu haƙar ƙasar gini. Duk wanda ya tsaya a bayan ganuwa yau zai ga abin da ya rage: wani wuri tudu ne mai tsawo da ciyawa a kansa, wani wuri an yanke shi an kafa harsashin bulo a tsakiyarsa, wani wuri kuwa ramin da ke gefenta ya zama juji, ledoji na tashi in iska ta kaɗa. Babu wani baƙo da ya yi mata wannan aika-aika, mu ne da hannuwanmu.

Daga nan sukan gangaro kan Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, wanda kuma har yau akwai unguwa a birni da ake kira da sunan magininsa. Wanda ya taɓa shiga cikinsa ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo ke tasowa daga ginshiƙai su haɗu a sama su yi ɗaurin guga, da yadda aka jera azara aka lulluɓe ta da ƙasa, da zanen da aka fitar a jikin ginshiƙan tun ƙasar tana ɗanya, ya san cewa maginin nan ya kai matuƙa a fanninsa. Masana gine-gine na ƙasashen waje sun auna shi taki-taki sun rubuta a littattafansu, har aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Amma a watan Agusta na 2023, ranar Juma'a, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufinsa ya rufto a kan masallata, rayuka suka salwanta, Allah Ya ji ƙansu Ya karɓi shahadarsu. Masu son a buɗe ƙofa suka ce da a ce akwai wata hukuma mai kuɗin shiga na kanta, da magina masu albashi waɗanda aikinsu kullum shi ne duba tsaga da ɗigon ruwa a irin waɗannan gine-gine, da la'alla an hango abin tun da nisa. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, amma shari'a ba ta hana riƙo da sababi ba.

Suka ƙara da cewa addini bai ƙi tafiya domin gani ba, hasali ma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe domin ɗaukar izina. Kuma malamanmu na da sun yi rihla, sun rubuta abin da suka gani a garuruwan mutane. Wannan magana gaskiya ce, ban kuwa ji wani ya musa ta ba.

Amma jama'a ta biyu ba su zo hannu sake ba. Suka ce a tambayi masu yabon Pataya su faɗi asalinta. Ƙauyen masunta ne har wajen 1960, sa'ad da sojojin Amurka, waɗanda yaƙin Biyetnam ya tara a sansanonin ƙasar Tailan, suka mayar da shi wurin hutunsu; kuma abin da sojan da ya fito daga bakin daga yake nema da kuɗi a aljihu ba lambun furanni ba ne. A kan wannan buƙata garin ya ginu, da mashaya da gidajen alfasha, har sunansa ya zama abin da mutumin kirki na ƙasar kan ji nauyin ambata. Gine-ginen sassaƙa da lambuna daga baya suka zo, kuma har yau hukumomin garin suna fama da wanke sunan. Ƙa'idar malaman usulu kuwa sananniya ce, cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, kuma ƙofar da aka san tana kaiwa ga haram toshe ta ake yi tun kafin a shiga. Baƙon da ya biya kuɗi, in ji su, yakan zama shi ne mai gida, domin mai masauki zai sayar masa da abin da yake so, ko da garin ba ya so.

Suka kuma kawo hujjar tattalin arziki, wadda masu yabon Tailan ba su cika son ji ba. A 2019 baƙin da suka shiga ƙasar sun kusa miliyan 40. Da annobar korona ta rufe iyakoki, a 2021 ba su kai rabin miliyan ba, otal-otal suka rufe, direbobi da masu dafa abinci suka koma ƙauyukansu hannu rabbana. Kafin wannan ma, a 2018, sai da hukuma ta rufe wani mashahurin bakin teku mai suna Maya saboda yawan ƙafa da jiragen ruwa sun kashe abin da ake zuwa gani, ba a sake buɗe shi ba sai a 2022. Arzikin da ya dogara ga sha'awar wani, suka ce, ranar da sha'awar ta juya shi ke nan. Balle mu, da labarin masu satar mutane a hanya guda ɗaya ya isa ya hana baƙo fitowa daga Abuja, kamar yadda aka gani bayan harin jirgin ƙasa na watan Maris na 2022. Wani dattijo a cikinsu ya ce, cikin zafin rai, garin da rabin mutanensa ke sayen ruwa a jarka daga 'yan ga-ruwa, ina shi ina kiran baƙi?

Hujjarsu ta ƙarshe ta fi sauran laushi, ta kuma fi su zurfi. Suka ce abubuwan nan da ake lissafawa ba matattun kaya ba ne da za a jera a bayan gilashi. Masallaci wurin sujada ne. Maƙabarta wurin addu'a ce. Zauren malami wurin karatu ne, ba ya yiwuwa ana tsakiyar bitar Risala wani ya leƙo da na'urar ɗaukar hoto. Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe kuwa, duk da ƙawarsu, asalinsu gaisuwa ce da jaddada mubaya'a tsakanin Sarki da hakimansa da talakawansa. Ranar da aka fara shirya hawa ba Salla ba, ba naɗi ba, sai don wata ƙungiyar baƙi ta sauka, ran nan jahi ya zama wasan kwaikwayo, mahayi kuma ya zama ɗan wasa. Ina ganin duk mai kishin garin nan zai ji nauyin wannan magana.

To, ya kai mai karatu, ga inda na tsaya bayan na juya mas'alar. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda, wato dukansu in an ce baƙo sai su hango Bature da gajeren wando da jakar goyo, waɗannan suna lissafin dalolinsa, waɗancan suna tsoron ɗabi'unsa. Alhali kuwa wannan baƙon ba ya kan hanya. Zariya ba ta da teku, ba ta da abin da ke jawo mai neman holewa daga wata nahiya, kuma wanda zai keta duniya domin ganin ɗaurin guga, galibi malami ne ko ɗalibi, adadinsu kuwa ba zai cika bas biyu a wata ba. Saboda haka mafarkin masu cewa za mu zama Pataya mafarki ne kawai, tsoron masu cewa za mu lalace kamar Pataya kuma tsoro ne na abin da sababinsa bai samu ba a nan. Fasadin da ke garinmu, wanda kowa ya san lungunansa, bai jira ɗan yawon buɗe ido ba kafin ya zo.

In ma dole sai an yi ƙiyasi da Tailan, to, akwai wani garin bakin teku a can wanda ya fi cancanta a duba, shi ne Huwa Hin, a ɗaya gefen mashigin tekun. Titin jirgin ƙasa ya isa can kusan lokacin da ya iso Zariya, aka gina otal na hukumar jirgi a shekarun 1920, Sarkin ƙasar ya gina fadar hutu, manyan Bankok suka riƙa zuwa da iyalansu. Da yake 'yan ƙasa ne suka fara zama baƙinsa, kuma idon sarauta na kansa, sai ya tashi da kamun kai wanda Pataya ba ta samu ba, ko da yake shi ma ba a ce aljanna ba ne. Garuruwa biyu ke nan a ƙasa ɗaya da teku ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne wanda aka fara shimfiɗa wa tabarma.

Mu kuwa namu baƙin suna nan tuni, ba mu lura da su ba ne. Dubban ɗalibai ne ke zuwa Samaru da Kongo daga kowace jiha ta Nijeriya, su yi shekara huɗu ko biyar, su karɓi takardarsu su tafi, da yawansu ba su taɓa wuce Ƙofar Doka ba, iyakarsu kasuwar Sabon Gari da tashar mota. Kuma ba laifinsu ba ne, domin babu wanda ya taɓa ce musu ga abin da ke ciki, babu allo a bakin ƙofa mai faɗin sunanta da tarihinta, babu mai rakiya da za a nema. Ga iyayensu da ke cika gari ranar bikin yaye ɗalibai, ga dangin kuratan sojoji da ke zuwa ranar faretin gama horo a Depot, ga masu jinya a asibitin koyarwa na Shika waɗanda kan yi makonni, ga 'yan kallon hawa daga Kaduna da Kano da Funtuwa. Kai, bar ta baƙi ma: yaro nawa ne a Palladan ko Hayin Dogo da zai iya lissafa ƙofofin birni, ko ya faɗi yadda Malam Musa ya zo da tutar Shehu, Sarki Makau ya fita ya nufi kudu, har ɗan'uwansa ya kafa garin da ake kira Suleja a yau? Waɗannan mutane ba sa neman giya a gindin Kufena. Inuwa suke nema, da ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da wanda zai ba su labari na gaskiya.

Game da hujjar alfarmar wurare, na karɓe ta ɗungurungum, sai dai ina ganin sharaɗi ce, ba hani ba. Mai gida shi ke faɗin inda baƙo zai tsaya, a zaure ko a shigifa, ba a kuwa taɓa cewa don gida yana da ɗakin da ba a shiga sai a toshe ƙofar zaure ba. Masallatan Istambul da na Alƙahira suna karɓar masu ziyara, da lokacin da aka ƙayyade, da suturar da aka shar'anta, in lokacin salla ya yi kuma a dakatar da kowa. Ba mu ji sallarsu ta ɓaci ba. Hawa kuwa a bar shi a ranakunsa, wanda ke son gani ya zo ran Salla kamar kowa. Maganar ruwan sha da tsaron hanya ita ma gaskiya ce, amma ba ta tsaya a matsayin hujja ba, domin kuɗin yaɓen ƙofa guda da kafa mata allo ba shi ne zai kai famfo Tudun Jukun ba, ganuwa kuma ba za ta dakata da zaizayewa ba har sai mun gama sauran matsalolinmu.

Abin da nake jin tsoro, wanda ban ji ko ɗaya daga ɓangarorin ya ambata ba, shi ne gyaran da ya fi rushewa muni: a ba ɗan kwangila aikin ƙofa, ya ture ginin ƙasa, ya zuba kankare, ya shafa masa fenti ruwan ƙasa, a zo a yanke ƙyalle a tafa. An yi haka a garuruwan Hausa ba sau ɗaya ba. Ginin ƙasa maginin ƙasa ke gyara shi, da tubali da makuba, kuma magina masu wannan sani sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo saboda can ne abinci yake. In ba a ba su aiki yanzu ba, nan gaba kaɗan ko an samu kuɗin ba za a samu hannun ba.

Hukuncina dai shi ne a buɗe, amma a fara da na gida, a kuma bar linzami a hannun masu garin. Ina roƙon Majalisar Masarautar Zazzau, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Ahmad Nuhu Bamalli, da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da sassan tarihi da binciken kufai da zanen gine-gine na jami'a, su zauna wuri guda su shata iyakar abin da ya rage na ganuwa, a hana haƙa da gini a kansa. A kafa allo da Hausa da Ajami da Turanci a kowace ƙofa. A horar da samarin unguwanni su zama masu rakiya da izinin masu unguwanninsu. A ɗauki magina na gargajiya aiki na dindindin. A kuma sa kowace makarantar firamare ta Palladan da Samaru da Sabon Gari ta kai 'yan aji shida cikin birni da gindin Kufena sau ɗaya kafin su fita. A fara da ƙofa guda a wannan rani, kafin ruwa ya sauka.